Houston, Inda Ake Auna Nasara da Makonni

Idan ka hau ƙaramin jirgin ƙasan da ke tasowa daga tsakiyar birnin Houston ya nufi kudu, da zarar ya wuce lambun Hermann za ka ga fasinjojin sun kasu biyu. Akwai masu shuɗi ko koren kayan aikin asibiti, katin shaida rataye a wuya, kofin gahawa a hannu. Akwai kuma waɗanda suka rungume jakar takardu, wasu da ɗaurin roba a wuyan hannu, wasu da hular ulu a ka duk da zafin garin mai sa gumi. Duk wuri ɗaya za su sauka, a kan titin Fannin, tsakiyar unguwar da ake kira Texas Medical Center. Unguwa ce guda ta asibitoci da makarantun likitanci da ɗakunan bincike, kuma sama da mutum 100,000 ke cin abinci a cikinta.

Babban gida a unguwar shi ne asibitin kansa na MD Anderson. Sunan wani attajirin auduga ne, Monroe Dunaway Anderson, wanda ya rasu a 1939 bai taɓa aure ba, ya bar dukiyarsa ga gidauniya. A 1941 majalisar jihar Texas ta kafa asibitin. A tambarinsu sun rubuta kalmar kansa da Turanci suka ja mata jan layi a tsakiya, alamar sun soke ta. Da na gani sai na ce a raina, Amurkawa ba su da kunyar cika baki. Gine-ginen asibitin haɗe suke da wata doguwar gada mai rufi da sanyin na'ura, tsawonta ya kai har ana ɗaukar marasa ƙarfi a 'yan ƙananan motoci masu batir. A kan gadar nan za ka ji Larabci da Sifaniyanci da Sinanci, ka ji Yarbanci da Ibo, domin Houston na cikin biranen da 'yan Najeriya suka fi yawa a Amurka, kuma da yawansu ma'aikatan jinya ne.

'Yar wana ce ta kawo ni. Tana digirinta na uku a ɗaya daga cikin ɗakunan binciken unguwar, a kan yadda za a kai magani cikin ƙarin da ke fitowa a fankiriyas, gaɓar nan da ke kwance a bayan tumbi, mai samar da insulin da ruwan narkar da abinci. Kafin mu shiga sai da ta ja min kunne.

"Baffa, don Allah kar ka koma gida ka rubuta an gano magani."

Na ce, "'Yata, to me aka gano?"

Ta ce in zo in gani tukuna.

Dalilin jan kunnen a bayyane yake ga duk wanda ya san cutar. A 2022 an ƙiyasta mutum kusan 511,000 ne suka kamu da kansar fankiriyas a duniya, kusan 467,000 kuma suka mutu da ita. A Amurka, da duk kayan aikinta, kashi 13 cikin 100 ne kawai ke kai shekara biyar bayan an gano ta. Gaɓar a ɓoye take, ciwon ba ya nuna kansa da wuri, kuma kusan mutum huɗu cikin biyar sai ya wuce matakin tiyata ake ganewa. Amma abin da ya fi damun masu bincike irin 'yar wana shi ne ginin ƙarin kansa. Yawancinsa ma ba ƙwayoyin kansa ba ne. Wani nama ne mai tauri irin na tabo da ƙwayoyin kansar ke sa jiki ya gina kewaye da su, wani lokaci ya kai kashi 80 cikin 100 na ƙarin. Naman nan yana matse jijiyoyin jini har su rufe, jini kuwa shi ne hanyar da magani ke bi. Guba mai kashe ƙwayar kansa ba ta yi wa likitoci ƙaranci ba. A faranti cikin ɗakin bincike suna kashe ta kullum. Isar da gubar inda ake so, ba tare da ta gama da mai ciwon a hanya ba, nan gizo ke saƙa.

A kan teburinta ta nuna min kayan aikin da na zaci za su fi haka girma. Sirinji biyu ne na gilashi, bakinsu na fuskantar juna, a tsakaninsu wani ɗan gidan ƙarfe da aka saka wa matata siririya ƙwarai, mai ramukan da faɗin kowanne nanomita 100 ne. Nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin gashin mutum ya kai kimanin nanomita 80,000. Ta zuƙo wani ruwa fari fat, gaurayen kitse da ruwa, ta fara tura shi daga wannan sirinji zuwa wancan, a hankali, da tafin hannu. Turawar farko da ƙyar ta wuce, har jijiyar hannunta ta fito. A hankali abin ya yi laushi, farin ya riƙa washewa, har ruwan ya koma kana hangen yatsanka ta cikinsa, da ɗan shuɗi-shuɗi idan haske ya bugo. Tana yi tana ƙirgawa a ƙasan murya, ta tsaya a 21. Na tambaye ta me ya sa ba 20 ba. Ta ce dole lissafin ya zama mara, domin ruwan ya ƙare a sirinjin da bai fara a ciki ba, duk wani gudan da bai tace ba ya tsaya a baya. Abin da ke cikin ruwan yanzu 'yan ƙwallayen kitse ne masu rami a ciki, lifosom, kuma a ramin ake cusa magani. Daga nan sai ta ɗiga kaɗan a wata na'ura mai hasken laza da ke auna girmansu. Idan layin da ya fito a allon kwamfuta tudu ɗaya ne siriri, aiki ya yi. Idan ya fito da tudu biyu, a zubar a sake.

Tunanin da aka gina wannan fanni a kai daga Japan ya fito. A 1986 Hiroshi Maeda da Yasuhiro Matsumura suka nuna cewa jijiyoyin jinin da ƙari ke ginawa cikin gaggawa suna yoyo, saboda haka abu mai ɗan girma da ba zai iya fita daga lafiyayyar jijiya ba zai iya zurarewa cikin ƙari ya taru. Aka yi shekaru ana murna. Sai a 2016 ƙungiyar Warren Chan ta Jami'ar Toronto ta tattara rahotannin gwajin dabbobi na shekara goma, ta lissafa nawa ne daga ƙwayoyin nano da aka yi allurarsu ke isa ƙarin. Matsakaicin adadin ya tsaya a kashi 0.7 cikin 100. Bakwai cikin dubu. Sauran mafi yawa hanta da saifa ke kwashewa, domin aikinsu ke nan, tsince duk baƙon abu daga jini. 'Yar wana ta ce har yau akwai manyan malaman da ke jayayya da yadda aka yi lissafin, amma babu ɗalibin fannin da bai haddace adadin ba.

Fankiriyas kuwa ta fi sauran wuya, tunda jijiyoyinta a matse suke, ba masu yoyo ba. Horacio Cabral da Kazunori Kataoka a Tokyo sun gwada ƙwayoyi masu girman nanomita 30 da 50 da 70 da 100 a 2011. A ƙari mai sakakkun jijiyoyi duk sun shiga. A na fankiriyas masu 30 ne kaɗai suka kutsa ciki sosai. Wanda ya taɓa kai kaya lungunan cikin birnin Kano ya san zancen: tirela ta fi ɗaukar kaya amma a bakin titi za ta tsaya, baro ne ke kaiwa ƙofar gida, shi kuma buhu nawa zai ɗauka? Ƙaramar ƙwaya na shiga da magani kaɗan, babba na ɗauke da mai yawa ba ta shiga.

Mai hankali zai ce to a rushe tabon mana. An gwada. A nan Houston, a 2014, ɗakin binciken Raghu Kalluri ya kawar da ƙwayoyin da ke gina tabon a jikin ɓeraye, sai kansar ta ƙara ƙaimi, ɓerayen suka mutu da wuri. Ashe tabon da ke tare magani yana kuma tare kansar daga bazuwa. Wani magani mai narkar da sashen tabon, PEGPH20, ya kai har babban gwaji a kan mutane, a 2019 aka sanar bai ƙara wa kowa kwana ba.

Duk da haka akwai magungunan nano biyu da suka fita daga ɗakin gwaji suka shiga ɗakin ƙarin ruwa, kuma tarihinsu ne ya fi koya min yadda mutanen nan ke auna abu. Na farko Abraxane. Asalin maganin da ke cikinsa, paclitaxel, daga sassaƙen wata bishiya ta yammacin Amurka aka fara samo shi, abin da zai faranta ran masu maganin gargajiyarmu. Ba ya narkewa a ruwa, don haka da ana narka shi a wani sinadari da aka sarrafa daga man zurma, wanda shi kansa yana tayar wa jiki da hankali. Patrick Soon-Shiong, likitan tiyata haifaffen Afirka ta Kudu, shi ya jagoranci naɗe maganin cikin albumin, furotin ɗin da ke cikin jininmu, a ƙwayoyi masu kimanin nanomita 130. An gwada shi a kan mutum 861 da kansar ta riga ta bazu a jikinsu. Waɗanda aka ba tsohon magani gemcitabine shi kaɗai, rabinsu sun wuce wata 6.7. Waɗanda aka haɗa musu da Abraxane, rabinsu sun wuce wata 8.5. A kan wannan hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2013. Na biyu Onivyde, lifosom ne irin wanda na ga ana turawa a sirinji, ɗauke da maganin irinotecan. A 2015, haɗe da wasu magungunan kemo, ya nuna wata 6.1 a kan 4.2 ga waɗanda maganin farko ya daina yi musu aiki. A wani gwaji na mutum 770 kuma, haɗin da ke ɗauke da shi ya ba da wata 11.1, haɗin Abraxane ya ba da 9.2, aka amince da shi a matsayin maganin farawa a 2024.

Na ɗauki biro na yi ragi. Kowane mataki bai cika wata biyu ba. Mako takwas. Na ɗago na dube ta.

"Shekara da shekaru, da biliyoyin daloli, a kan mako takwas?"

"Baffa, matsakaici ne. Wani bai samu komai ba, wani ya samu shekara. Kuma ka tambayi wanda 'yarsa za ta yi aure wata mai zuwa ko mako takwas wani abu ne."

Ban ja da ita ba, amma akwai abin da ya tsaya min. Tun a 2011 likitocin Faransa suka fitar da sakamakon wani haɗin kemo mai suna FOLFIRINOX, da irinotecan na yau da kullum wanda ba a naɗe shi cikin komai ba, kuma adadin da suka samu wata 11.1 ne cif. Marasa lafiyan gwaje-gwajen biyu ba iri ɗaya ba ne, don haka ba a ɗora wannan adadi a kan wancan kai tsaye. Sai dai duk likitan da zai rubuta wa talaka maganin da ya ninka wani tsada yana da haƙƙin tambayar ko naɗin ne ya yi aikin. A ganina kamfanonin ba su gaggauta neman amsar wannan tambaya ba.

Abubuwan da ake gwadawa yanzu sun fi waɗancan dabara, domin sun daina dogara ga yoyon jijiya kawai. Sama da kashi 90 cikin 100 na wannan kansa na ɗauke da lalacewar wata ƙwayar gado mai suna KRAS, wadda ke zama kamar makunnin da ya maƙale a kunne, ƙwayar halitta ta yi ta rabuwa ba tsayawa. Shekaru da dama an kasa samun maganin da zai kama ta. Ɗakin Kalluri ya ɗauki wata hanya: maimakon ƙera ƙwayar nano, sai suka ari wadda jiki ke yi da kansa. Ƙwayoyin halittarmu kan saki wasu 'yan jakunkuna masu nanomita 40 zuwa 150, eksosom, su aika wa juna saƙo. A 2017 suka ba da rahoton cewa sun cusa wa jakunkunan guntun RNA da ke toshe bakin KRAS mai lalacewar G12D, wadda ta fi yawa a fankiriyas. Dabarar biyu ce. Jakunkunan na ɗauke da wata alama, CD47, da ke gaya wa masu sharar jini su ƙyale su, don haka suna daɗewa suna yawo. Ƙwayar kansa mai lalatacciyar KRAS kuma mayunwaciya ce, tana haɗiye ruwan da ke kewaye da ita da duk abin da ke ciki, sai ta haɗiye abin da zai rufe mata baki. A ɓeraye abin ya yi kyau ƙwarai. A mutane an yi matakin farko na gwaji a MD Anderson a kan 'yan tsirarun da ciwonsu ya yi nisa, kuma abin da ya nuna shi ne jiki na jure maganin. Matakin farko dama aikinsa ke nan, gano ko abu na cutarwa da kuma nawa za a bayar.

Na daɗe ina tunanin mutanen da ke sa hannu a irin wannan gwaji. Ana karanta musu takarda mai shafuka da yawa, a gaya musu ƙarara cewa mai yiwuwa su ba za su amfana ba. Su sa hannu, su riƙa zuwa ana ɗibar jininsu.

Wata dabarar ta kauce wa jini ɗungurungum. Kamfanin Nanobiotix na birnin Paris ya ƙera ƙwayoyi daga wani ƙarfe mai nauyi, hafniyam, masu kimanin nanomita 50, ya sa musu suna NBTXR3. Ba magani ba ne, ba sa yin komai da kansu. Likita zai zura bututu mai kyamara ta baki zuwa ciki, ya soka allura ta bangon tumbi ko hanji cikin ƙarin, ya zuba su sau ɗaya. Idan aka zo gasa ƙarin da hasken na'ura, ƙarfen na tsotse hasken fiye da nama, ya sake shi nan kusa, sai ƙarin ya sha wuta fiye da hanjin da ke maƙwabtaka da shi, wanda shi ne ke hana likitoci ƙara ƙarfin gashin. Turai ta amince da shi a 2019 don wata kansar tsoka, a shekarar kuma kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da MD Anderson. Gwajin fankiriyas ɗin na mutum ashirin da 'yan kai ne, babu rukunin da aka kwatanta su da shi.

Wanda ya fi sa idon 'yar wana ƙyalli ba a Houston ake yin sa ba. A asibitin Memorial Sloan Kettering na New York, likitan tiyata Vinod Balachandran ya lura cewa 'yan kaɗan da ke daɗewa bayan wannan ciwo garkuwar jikinsu ce ta gane ƙarin. Daga ƙarshen 2019 ya fara gwaji da kamfanin BioNTech na Jamus, wanda daga baya duniya ta san shi da rigakafin korona. Ana cire ƙarin a New York, a aika sashensa birnin Mainz, a karanta lalacewar da ke cikinsa, a zaɓi har guda 20, a rubuta su a mRNA, a naɗe cikin ƙwayoyin kitse, a dawo da allurar da mutum ɗaya tak a duniya za ta yi wa amfani. Kimanin mako tara ke nan daga tiyata zuwa allurar farko. Abin da ya burge ni shi ne inda ƙwayoyin ke nufa. Saifa, wadda ke kwashe ƙwayoyin nano ta hana su isa ƙari, ita aka nufa da gangan, domin can ne ƙwayoyin garkuwa ke taruwa su koyi kamannin abokin gaba. Mutum 16 aka yi wa. Takwas garkuwarsu ta amsa, takwas ba ta amsa ba. A rahoton 2023, bayan kimanin wata 18, babu ko ɗaya cikin takwas na farko da ciwon ya dawo masa, alhali a ɗaya rukunin rabinsu ya dawo musu cikin wata 13.4. A rahoton 2025, bayan sama da shekara uku, shida cikin takwas ɗin nan suna nan ba ciwo. Kuma yawancin waɗanda aka cire wa saifa a lokacin tiyata suna cikin waɗanda ba su amsa ba.

Na ce wannan kam ai labari ne. Ta ce labari ne na mutum goma sha shida, waɗanda duk an yi musu tiyata, an ba su wani maganin garkuwa, an kuma yi musu kemo bayan allurar. Mai yiwuwa ne waɗanda suka amsa dama can su ne masu ƙarfin jiki. Shi ya sa aka buɗe mataki na biyu a 2023, na mutum kusan 260, inda ƙuri'a ke raba wanda zai samu allurar da wanda zai samu kemo kawai.

Da yamma muka tsallaka titin Main zuwa Jami'ar Rice, mai itatuwa masu inuwa, inda a 1985 Richard Smalley da Robert Curl da Harold Kroto suka gano ƙwallon kabon mai atom 60 da ya kawo musu kyautar Nobel a 1996. Smalley ya zama babban mai yi wa kimiyyar nano kirari a gaban 'yan majalisar Amurka, yana yi yana fama da kansar jini, wadda ta yi ajalinsa a 2005. Daga nan muka wuce kudu maso yammacin gari, wajen titin Bissonnet, inda shagunan 'yan Najeriya suke, muka ci tsire mai tsadar da ba zan faɗa ba.

Muna can wayata ta yi ƙara. Wani dattijo ne maƙwabcina a gida, wanda ƙaninsa ke kwance. Idon ƙanin ya yi rawaya watanni da suka wuce, fitsari ya yi duhu, jiki na ƙaiƙayi, ba zazzaɓi ba ciwo, aka ce shawara ce, aka yi ta jiƙe-jiƙe. Sai da ya rame ƙwarai aka kai shi asibitin koyarwa, hoto ya nuna ƙari a kan fankiriyas ya toshe hanyar matsarmama. Alhaji ya ji ina Amurka, wani kuma ya tura masa bidiyo a WhatsApp cewa an ƙirƙiro allurar nano mai bin kansa har gida ta kashe.

"Malam, ko nawa ne ka sayo mana, za mu haɗa kuɗin."

Na ce, "Alhaji, wadda ka gani ba a sayar da ita, ko su nan ba su gama gwada ta ba. Akwai guda biyu da ake sayarwa, likitocinmu sun san su, amma ba sa warkarwa, kwana suke ɗan ƙarawa da izinin Allah."

Ya yi shiru. Na miƙa wa 'yar wana wayar, ta gaishe shi da ladabi, ta ce, "Baba, ni ba likita ba ce, amma ga abin da za ku tambayi likitansa." Ko ƙarin ya taɓa manyan jijiyoyin da ke bayansa. Ko an ga wani abu a hanta. Idan tiyata ba za ta yiwu ba, ko za a iya sa masa ɗan bututu a buɗe hanyar matsarmamar, rawayar ta sauka, ƙaiƙayin ya lafa, ya samu ya ci abinci. Da kuma maganin ciwo mai ƙarfi, kar a bar shi yana juyi da dare. Alhaji ya ce ta dakata ya nemo biro, muka ji yana kiran wani yaro ya kawo masa takarda, sannan ya ce ta maimaita daga farko.